Ɗaukewar wuta da jonal ɗin ext4: littafin aikin kwamfutar shagon Kawu

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Aikin da ke gabana shi ne in haɗa wa shagon Kawu sabuwar kwamfutar lissafi, wadda za ta riƙe bayanan ciniki, da bashin da ake bin 'yan sari, da hotunan rasit na siminti da rodi da ake saukewa. Shago ne na kayan gini, kuma a layinsu ana iya ɗauke wuta a dawo da ita sau da dama kafin la'asar. Ko da an tada janareta, kafin inji ya ɗauka kwamfuta ta riga ta mutu. Ajiyarsu ta yanzu faifai ne na waje mai tsarin FAT32, wanda ba shi da wata kariya. A watan jiya wuta ta tafi akawu yana tsakiyar ajiye rasit, da aka kunna sai foldar Disamba ta fito da sunayen da ba mai iya karantawa.

Zan sa Debian 12, wani nau'in Linux, da tsarin fayil na ext4, wato yadda ake jera fayiloli a faifai. Amma ba na so in ce wa Kawu "wannan ba ya lalacewa" don kawai haka ake faɗa. Na samo tsohuwar kwamfuta da faifai mai gigabait 500, zan riƙa zare mata waya tana cikin rubutu, in ga abin da ke tsira da abin da ke salwanta.

Tushen matsalar ba shi da wuyar fahimta. In za a ƙara wa fayil bayanin da ke buƙatar sabon bulo, wato ɗan yankin faifai da ake ajiye bayani a ciki, aƙalla wuri uku ake taɓawa a faifai. Akwai sabon bulo da bayanin zai zauna a ciki. Akwai taswirar da ke nuna bulon da aka kama da wanda ke sake. Akwai kuma inod, wato katin fayil ɗin, mai ɗauke da girmansa da wuraren da bulullukansa suke. Faifai ba ya rubuta ukun a tare, ɗaya bayan ɗaya yake bi. In wuta ta tafi bayan an rubuta taswira kaɗai, an kama wuri ba mai shi. In inod ne kaɗai ya shiga, fayil yana iƙirarin bulon da taswira ke cewa babu kowa a kai, gobe a ba wani fayil shi, biyun su riƙa rubutu a kan juna. Wannan na biyun shi ne mugun, domin shiru yake yi sai ɓarna ta yi nisa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na fara da faifai marar jonal, wato littafin da tsarin fayil ke fara rubuta canji a ciki kafin ya aiwatar, don in san daga inda aka fito. Na tsara shi da mkfs.ext4, na cire masa has_journal, na zuba masa kwafin hotunan rasit na shekarun baya, sannan na rubuta ɗan shiri da ke ƙirƙirar fayiloli, yana ƙara musu layi, yana sauya musu suna, yana goge wasu, ba tsayawa. Yana cikin haka na zare waya.

Da kwamfutar ta tashi, sai da e2fsck, shirin da ke bincika faifai ya gyara, ya bi faifan gaba ɗaya. Ba shi da wata hanya: bai san inda aka tsaya ba, don haka dole ya duba kowane inod, ya bi kowace folda, ya tabbatar kowace tana da uwa, ya ƙirga masu nuni ga kowane fayil, sannan ya gwada taswira da abin da ya gani. Matakai biyar ke nan. A ƙarshe ya tara abin da ya rasa inda zai kai a cikin lost+found. Na buɗe foldar na zauna ina kallo: fayiloli ba suna, sai alamar # da lambar inod. Na buɗe ɗaya, hoton rasit ne na buhun siminti, rabi ya fito sarai har da sa hannun direba, rabin ƙasa kuwa toka-toka. Ba kwanan wata a sunan, ba sunan dila. Wanda zai mayar da irin waɗannan wurarensu sai ya buɗe su ɗaya-ɗaya, kuma akawun Kawu ba shi da wannan lokacin.

Haka masu Linux suka zauna da ext2, tsohon tsarin fayil marar jonal, tun 1993. Tsawon binciken yana bin girman faifai da yawan fayiloli, ba ya bin girman ɓarnar, shi ya sa da faifai suka girma aka koma jiran awanni a manyan na'urori. Wasu sun riga sun magance abin: IBM ta fito da JFS a 1990, Microsoft ta zo da NTFS a 1993 da nata jonal ɗin. A Linux, ReiserFS ne ya fara shiga a farkon 2001, sannan ext3 na Stephen Tweedie a Nuwamban shekarar, wanda ya ɗora jonal a kan ext2 ba tare da an sake tsara faifai ba. ext4 da nake aiki da shi ya zauna da ƙafarsa a Disamban 2008.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau na mayar da jonal. dumpe2fs ya nuna an ware masa gigabait ɗaya a wannan faifan, yana zaune a inod na 8, ɓoye, ba a ganinsa cikin kowace folda.

Ga yadda yake aiki. Kafin a taɓa taswira ko inod a mazauninsu, sai a tattara duk canje-canjen da ke tafiya tare a rubuta kwafinsu a jere cikin jonal: bulo na farko yana lissafa inda kowanne zai je, sai su kansu bulullukan, sai bulo na ƙarshe mai cewa wannan ƙunshin ya cika. Sai wannan hatimin ya zauna a faifai ake fara kai kowane canji gidansa. In wuta ta tafi kafin hatimi, ana watsar da ƙunshin kamar ba a fara ba, tsarin yana nan yadda yake da. In ta tafi bayan hatimi, ana sake kwafe ƙunshin daga jonal zuwa mazauninsa. Abin da ya fi burge ni shi ne maimaitawa ba ta cutarwa: ko an ɗauke wuta ana tsakiyar gyaran, a sake daga farko, sakamakon ɗaya ne, tunda bulo iri ɗaya ake rubutawa a wuri ɗaya.

Na zare waya, na mayar. Kafin in gyara zama ta riga ta tashi, dmesg, mai nuna saƙonnin Linux, ya nuna layi ɗaya cewa farfaɗowa ta kammala. Na tilasta cikakken e2fsck don in tabbatar, bai sami komai ba. Na yi ta maimaitawa har yamma, lost+found ba ko fayil ɗaya.

Kawu ya biyo da magariba ya tarar ina ta cire waya ina mayarwa. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Ai ɗana wannan ba sabon abu ba ne. Mu ma kafin a shigar da ciniki babban littafi, a ƙaramin littafin kan teburi ake fara rubutawa, a ja layi a ƙasa. In yaro ya tashi bai gama kwafewa ba, wanda ya zo ya duba inda aka ja layi ya ƙarasa. Wanda ba a ja wa layi ba, ba ciniki ba ne tukuna." Na ce, "Kawu, haka yake ba ragi."

Laraba, 12 ga Fabrairu

A nan gizo ke saƙa. Na ƙara wa ɗan shirin nawa abu ɗaya: duk fayil ɗin da ya rubuta ya rufe, sai ya aika lambarsa ta waya zuwa laftof ɗina. Bayan zare wuta sai in gwada abin da shirin ya ce ya ajiye da abin da ke faifai.

Tsarin fayil lafiya lau, e2fsck bai ce uffan ba. Amma fayilolin ƙarshe babu su sam. Waɗanda ke gabansu kuma suna nan da sunansu da lokacinsu, girmansu sifiri. Shirin ya rubuta, ya rufe, ba a ba shi wani kuskure ba, kuma bayanin ya tafi.

Ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi. In shiri ya ce rubuta, Linux yana karɓa ya ajiye a RAM ya ce an gama. Jonal yana rufe ƙunshinsa duk bayan daƙiƙa 5, shi kuwa ainihin bayanin yana iya kai daƙiƙa 30 a RAM kafin a ga ya isa turawa. ext4 ma ya ƙara da jinkirta zaɓen bulo har sai lokacin turawar, don ya samo wa fayil wuri a jere. Sakamakon shi ne sunan fayil yana iya shiga jonal a hatimce alhali ba a ko zaɓa wa cikinsa wuri ba. Jonal ya cika alkawarinsa: taswira da inod da folda sun yarda da juna. Sun yarda cewa fayil ɗin fanko ne.

Wannan ya taɓa tada ƙura a 2009, lokacin da masu gwada Ubuntu 9.04 a kan ext4 suka riƙa tarar da fayilolin saitinsu sun koma sifiri bayan na'ura ta tsaya. Shirye-shirye da yawa sun saba rubuta sabon fayil su sauya masa suna ya hau kan tsohon, ba tare da sun kira fsync ba, wato umarnin da ke tilasta bayani ya sauka a faifai, kuma ext3 yana rufa musu asiri saboda yadda yake tura bayanai. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya nuna cewa ƙa'ida ba ta taɓa yin wannan alkawarin ba, amma duk da haka aka sa gyara a Linux 2.6.30, wato auto_da_alloc, da ke gane salon sauya suna da salon share fayil a sake cika shi, ya tura bayanin da wuri. Gyaran yana nan har yau, sai dai bai shafi sabon fayil da aka ƙirƙira kawai ba, kuma irinsa ne hoton rasit.

Na ga gaskiya a ɓangarorin biyu na waccan muhawarar, amma a aikina ba ni da zaɓi. Na gyara shirin ya bi hanyar da aka sani: rubuta a fayil na wucin gadi, kira fsync a kansa, sauya masa suna, sannan kira fsync a kan foldar, kuma kada ya aiko lamba sai duk wannan ya dawo. Daga nan duk lambar da ta iso laftof na same ta a faifai cikakkiya. Shirin ya rage gudu sosai, domin kowane fsync jira ne har faifai ya juya ya amsa. Shagon da ke yanka rasit ɗaya a 'yan mintuna ba zai ko ji wannan jiran ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

ext4 yana da yanayi uku, na gwada kowanne.

Wanda yake zuwa da shi shi ne data=ordered. Bayanan tsari kaɗai ke bi ta jonal, amma ana tabbatar da cewa bayanin fayil ya sauka a faifai kafin a hatimce ƙunshin da ke nuni gare shi. Don haka fayil ba zai tashi yana nuna bulon da ba a rubuta masa komai ba.

data=writeback ya cire wannan sharaɗin. Ya fi sauƙi ga faifai, amma takardun Linux da kansu sun yi gargaɗin cewa bayan faɗuwa tsohon bayani yana iya bayyana a cikin fayil. A kwamfutar da ke riƙe sunayen masu bashi da adadin da ake binsu, kuma yaran shago suna buɗe wasu foldodi, ba zan yarda guntun abin da aka goge ya ɓullo a fayil ɗin wani ba. Na ajiye shi gefe tun kafin in auna gudunsa.

data=journal shi ne ya ɗauke ni lokaci. A nan har bayanin fayil ta jonal yake bi, wato komai sau biyu ake rubuta shi. Kwafe manyan foldodin hotuna ya yi nauyi a fili, ana jin kan faifan yana kai da komo tsakanin jonal da sauran wurare, kuma wannan yanayin yana kashe jinkirin zaɓen bulo. Amma da na gwada ƙananan rubutu masu fsync a kai a kai, bai yi ƙasa a gwiwa ba, tunda abin da ake jira kawai shi ne rubutu a jere cikin jonal. Akwai abin da ya fi ordered da shi: in ana rubutu a kan tsakiyar fayil da ke nan tun da, ordered ba ya hana a tashi da rabi sabo rabi tsoho. To amma ko data=journal bai san inda ciniki ɗaya ya fara ya ƙare ba. In shiri ya yi rubutu uku don ciniki guda, ƙunshin jonal yana iya rufewa bayan na biyu. Sanin iyakar ciniki aikin ma'ajiyar bayanai ne, ba na tsarin fayil ba. Saboda haka na tsaya a kan ordered, biyan farashin rubutu biyu ba zai sayo mini abin da nake nema ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

An sauke tirelar siminti, shago ya cika, ban taɓa gwaji ba. Abu biyu kawai na yanke. Na sa noatime, don karanta fayil kada ya jawo rubutu. Na kuma bar tazarar hatimi a daƙiƙa 5 ɗinta. Ana ba da shawarar a ƙara ta zuwa minti ɗaya don faifai ya huta, amma wannan shawara ce ta masu batir a laftof. Mu duk abin da aka ƙara, ƙari ne a kan abin da za a rasa.

Talata, 25 ga Fabrairu

Kawu yana so a ci gaba da amfani da akwatin faifan waje na USB don ajiyar kwafi, tunda an riga an saya. Na sa faifan gwaji a cikinsa na maimaita komai.

Da farko na yi amfani da hanya mai sauƙi, wato tura harafin b zuwa sysrq-trigger, wanda ke sake tada kwamfuta nan take ba tare da an tura komai ba. Babu asara ko ɗaya. Da na koma zare wayar wuta ta gaske, sai wasu fayilolin da fsync ya riga ya ce sun sauka suka ɓace, kuma cikakken e2fsck ya sami abin gyarawa, duk da jonal. Bambancin shi ne a gwajin farko faifan bai rasa wuta ba, don haka abin da ke cikin 'yar ma'ajiyarsa ta wucin gadi ya samu ya sauka. Duk wanda ke gwada irin wannan ya sani: sake tada kwamfuta ba ɗaukewar wuta ba ne.

Dukkan hikimar jonal a kan jeri ta dogara. Dole ƙunshi ya sauka kafin hatimi, hatimi kuma kafin a taɓa mazauni. Faifai kuwa yana da 'yar RAM tasa, yana karɓar rubutu ya ce ya gama, sannan ya jera su yadda ya fi masa sauƙi. Shi ya sa ext4 ke aika masa umarnin ya zazzage ma'ajiyar a wuraren da jeri ke da muhimmanci. Na duba dmesg lokacin da aka jona akwatin, na ga Linux ya nemi bayanin ma'ajiyar bai samu ba, sai ya ɗauka cewa faifan kai tsaye yake rubutu. In ya ɗauka haka, ba zai aika umarnin zazzagewa ba. Faifan da ke ciki kuwa, da na ciro shi na jona da wayar SATA ta cikin kwamfuta, hdparm ya nuna ma'ajiyarsa a kunne take. An gudu ba a tsira ba ke nan: jonal yana aiki, shiri yana kiran fsync, ɗan allon akwatin USB da ke tsakani ya yanke maganar.

A kan SATA kai tsaye asarar ba ta sake faruwa ba. Babban faifai zai zauna a cikin kwamfuta. Akwatin zai tsaya a matsayin wurin kwafi kawai, kuma shirin kwafin zai sake karanta abin da ya rubuta ya gwada da sha256, lissafin da ke nuna ko fayil ya canza, a zagaye na gaba. Shawarar da wasu ke bayarwa ta a sa nobarrier, wato a daina aika umarnin zazzagewa, don ƙarin gudu, ba ta dace da kowa ba sai mai na'urar da ma'ajiyarta ke da batir nata.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ya koma bayan asuba, kafin rana ta yi zafi.

Shirin cinikin da shagon ke amfani da shi a kan ma'ajiyar bayanai ta SQLite yake. Ita ma tana da nata littafin, tana rubuta canji a fayil na gefe kafin ta shigar da shi babban fayil. Wannan salon, mai suna WAL, ya zo a 2010, kuma shi aka kunna. Ga shi jonal a kan jonal: SQLite tana rubuta nata, ext4 yana rubuta nasa game da fayil ɗin nata. Rubutu ya ƙaru, ba shakka. Amma ba maimaici ba ne, kowanne da abin da yake tsaro. ext4 yana tsare cewa fayil ɗin yana nan da bulullukansa. SQLite tana tsare cewa in an rage buhu goma a sito, an kuma ƙara kuɗinsu a bashin mai saye, ko duka biyun ko babu ko ɗaya.

Na tarar an saita synchronous, wato saitin yawan kiran fsync a SQLite, a NORMAL. A salon WAL wannan ba ya lalata ma'ajiya in wuta ta tafi, amma cinikin ƙarshe da aka ce ya shiga yana iya komawa baya. Na gwada: na shigar da ciniki, firinta ta fitar da rasit, na zare waya takardar tana hannuna da ɗuminta. Da ta tashi, ma'ajiya lafiya, cinikin babu shi. Na miƙa wa akawu takardar na ce ya nemo lambarta. Ya duba ya sake dubawa, ya ce, "Malam, wannan in a shago ne ai ni za a ce na ci kuɗin." Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin ita ce ainihin dalilin aikin. Asarar 'yan daƙiƙu a takarda ƙaramin abu ce, amma tana iya zama zargin sata a kan mutumin da ya yi shekaru yana riƙe amana.

Na mayar da shi FULL, wanda ke kiran fsync a kowane ciniki, na kuma tabbatar firinta ba ta motsi sai ma'ajiya ta amsa. Na sake gwadawa har na gaji, duk rasit ɗin da ya fito yana da ciniki a bayansa.

Talata, 11 ga Maris

Akwai ƙaramin sito a wata unguwa inda za a sa 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi mai katin SD don rubuta kayan da ke fita. A can lissafin ya sha bamban. Katin SD yana da iyakar rubutun da zai ɗauka, kuma jonal wuri ne da ake rubutawa ba dare ba rana. Akwai masu cire shi saboda haka. Cirewar ba bidi'a ba ce: injiniyoyin Google ne suka sa wa ext4 damar aiki ba jonal a 2009, domin su kowane bayani yana da kwafi a wasu na'urori, in ɗaya ta faɗi ba su damu da ita ba. Sito ɗaya mai kati ɗaya ba shi da wannan gatan. Akwai kuma F2FS da Samsung ta rubuta musamman don irin wannan ma'ajiya, ya shiga Linux 3.8 a 2013.

Sai dai babbar barazanar tana ƙarƙashin duk wannan. A cikin katin akwai 'yar ƙwaƙwalwa da ke kwashe bayanai daga wuri zuwa wuri tana goge manyan yankuna, ba tare da Linux ya sani ba. In wuta ta tafi tana tsakiyar haka, abin da aka rubuta tun watan jiya ma yana iya tafiya, kuma ba tsarin fayil ɗin da zai hana. Don haka na raba katin biyu. Ɓangaren tsarin aiki zai zama na karatu kawai, da overlayfs a samansa, duk rubutun banza ya tsaya a RAM. Ɓangaren bayanai ƙarami, ext4 da jonal ɗinsa, kuma kowane shigarwa ana tura kwafinta babban shago da zarar akwai intanet. An rage rubutu daga tushe, wanda ya fi cire jonal amfani ga ran katin.

Filashin da akawu ke kai wa mai duba haraji kuwa exFAT ne, ba jonal, kuma haka zai zauna tunda kowace kwamfuta tana karanta shi. Na nuna masa ya riƙa danna cirewa ya jira saƙo kafin ya zare.

Litinin, 17 ga Maris

Wani abokin sana'a ya ce me ya sa ban sa tsarin fayil na Btrfs ko ZFS na huta ba. Tambaya ce mai kyau. Su ba sa rubutu a kan tsohon bulo, sabon wuri suke rubutawa, sai komai ya sauka su juya nuni zuwa sabon, don haka ba sa buƙatar rubuta bayanan tsari sau biyu. Sun kuma fi ext4 da abu ɗaya da na damu da shi: suna lissafa hatimin tantancewa ga bayanin fayil kansa. ext4 yana yi wa bayanan tsari da jonal, amma in bulo ɗaya na hoton rasit ya ruɓe a faifai, haka zai miƙo shi ba gargaɗi.

Duk da haka na zauna a ext4. Rashin rubutu a wuri ɗaya yana warwatsa fayil irin na ma'ajiyar bayanai, kuma a faifai mai juyawa ana jin hakan. ZFS ba ya cikin Linux kai tsaye saboda lasisi, sai an haɗa shi daban. Dalilin da ya fi nauyi kuma shi ne ranar da ba na gari. Duk mai gyaran da ya taɓa Linux ya san e2fsck, kuma in ta ɓaci ana iya ciro fayiloli da debugfs. Su ma waɗancan, in faifai ya yi ƙaryar cewa ya zazzage ma'ajiyarsa, suna shiga matsala kamar kowa. Giɓin tantance bayanai zan cike shi da sha256 a shirin kwafi.

Alhamis, 27 ga Maris

An kai kwamfuta shago tun farkon mako, tana aiki. Faifai a kan SATA, ext4 a ordered da noatime, SQLite a WAL da FULL, hotunan rasit suna bin hanyar fayil na wucin gadi da fsync. Kawu ya amince aka sayi ƙaramin UPS, wato batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, mai wayar USB, na haɗa shi da shirin NUT: in wuta ta tafi batir ya yi ƙasa, kwamfuta tana rufe kanta cikin tsari. Ya tambaye ni, in akwai batir me ya sa aka sha wahalar sauran. Na ce masa batir yana tsufa da sauri a zafin nan, kuma ba ya hana yaro ya taka waya, ba ya hana na'ura ta daskare da kanta.

Jiya da rana an ɗauke wuta ana tsakiyar ciniki, UPS ya riƙe har janareta ya ɗauka, akawu bai ko ɗaga kai ba. Da aka rufe shago na zare wayar kwamfutar daga bayan UPS ana shigar da cinikin gwaji, a gaban akawu, don ya ga da idonsa. Ta tashi, jonal ya maimaita ƙunshinsa, lambar rasit ta ƙarshe tana nan.

Saura uku bayan Sallah: haɗa na'urar sito, gwada dawo da komai daga kwafi a kan faifai fanko don a tabbatar kwafin yana da amfani, da rubuta wa akawu takarda ɗaya da Hausa kan abin da zai yi in kwamfuta ta tsaya tana neman a gudanar da e2fsck da hannu. Zan kuma gwada fast_commit, wanda ya shigo a Linux 5.10 don rage nauyin fsync, amma a kwamfutar gwaji tukuna.